Dandalin Yara da Rabon Guragu a Ƙasar Buji

Zancen wannan mako a kan dandali ne, da yaran da ke zaune a gefensa suna kallo.

Kowane dattijo a ƙasar Buji, tun daga Gantsa har Kukuma da Ahoto da Kawaya, ya san dandali. Nan 'yan mata ke gaɗa idan wata ya yi fari, samari na langa da kokawa, ƙanana na ɓuya. Ba wanda ya saye shi, ba wanda ya gina shi, fili ne da magabata suka bari a tsakiyar gari ko ƙofar fada. To, zamani ya juya. An yanke Jihar Jigawa daga Kano a 1991, aka sa hedikwatarta a Dutse. A 1996 aka fitar da Buji daga Birnin Kudu, Gantsa ta zama mazaunin ƙaramar hukuma. Jama'a ta yawaita, fili ya yi kuɗi, kowane sarari a cikin gari akwai mai ido a kansa. Saboda haka idan ƙungiyoyin gari suka tashi da niyyar su haɗa kuɗi su keɓe wa yara wurin wasa, sun yi tunani mai kyau. Amma akwai abin da ya kamata a faɗa tun ba a haƙa rami ba, watau dandalin dā, duk da daɗinsa, bai taɓa zama na kowane yaro ba. Langa wasan mai ƙafa ne, ɓuya ta mai ido ce. Gurgu da makaho rabonsu gindin bango.

Wani zai ce wasa lagawu ne, a bar zancen. Mai faɗin haka bai duba littafi da kyau ba. Ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawaita sujada domin jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa jin daɗi ba. Ya kuma bar mutanen Habasha suna wasa da masu a cikin masallaci. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi nuni da a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin tsare shi ga karatu kullum yana dushe masa basira. Ba banza magabata suka ba almajirai hutun Alhamis da Juma'a ba. Game da masu lalura kuwa, Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma shi ne ladan tare da Bilalu, an kuma sha bar masa riƙon Madina idan an fita yaƙi. Amru ɗan Jamuhu gurgu ne, aka ce masa yana da uzuri, ya ƙi zama, ya yi shahada a Uhudu.

Misalin da ya fi kusa da Buji yana Kano. Cutar shan inna ta daɗe tana naƙasa yara a ƙasar nan, ta ƙara ƙarfi sa'ad da aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003, ba a koma ba sai 2004. Allah Ya kawo sauƙi, ran 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar mai yawo a daji. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan. Ba su zauna jiran kowa ba. A 1988 Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano wanda shan inna ta kama tun yana yaro, ya ƙago ƙwallon guragu. Ɗan wasa yana zama bisa ɗan katako mai ƙananan tayoyi, yana tura kansa da hannu, da hannun kuma yake buga ƙwallo. Wasan ya bazu zuwa jihohi da dama har ya sami hukumarsa ta ƙasa. Ƙungiyar Rotary, wadda ta shiga yaƙi da shan inna tun 1985, takan taimaka da kuɗin gasar da ake yi saboda Ranar Shan Inna ta Duniya, 24 ga Oktoba. Har wa yau a Kano akwai ƙungiyar waɗanda shan inna ta naƙasa, wadda Aminu Ahmad Tudun Wada ya yi suna da shugabancinta. Sun kafa maƙera suna walda, suna ƙera keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu.

Abin lura a nan shi ne yadda aka raba aiki. Dabara ta guragun ce, sana'a tasu ce, masu kuɗi suka zo daga baya suka tallafa. Ƙungiyar da ta zauna a zaure ta yanke yadda wurin wasa zai kasance, alhali ba gurgu ko makaho ko uwar yaro mai lalura ko ɗaya a wurin, za ta kashe kuɗi ta gina abin da mai ƙafa kaɗai zai mora. Hausawa kuwa ba su rasa hanyar shawara ba, tun da akwai Sarkin Guragu da Sarkin Makafi tun zamanin kakanni. A kira su tun zaman farko, kada a jira ranar buɗewa a kira su cika kujera.

Da an tambaye su, abu na farko da za su ambata shi ne ƙasa. Sunan jihar kansa daga jigawa ya fito, watau ƙasa mai rairayi. Rairayi alheri ne ga yaro mai gudu, in ya faɗi ba ya jin ciwo. Ga mai keke kuwa kurkuku ne. Taya ta nutse, hannu ya gaji, yaro ya tsaya a bakin fili yana hangen lilon da aka ce an kafa dominsa. Ƙwallon guragu ma ba ya yiwuwa sai a daɓe mai santsi, shi ya sa ake buga shi a filin da aka shafe da siminti. Mai sandar hannu shi ma ƙasa mai tauri yake so. Saboda haka kuɗin farko na daɓe ne, ƙarfe ya biyo baya. A bar rairayi a ƙarƙashin lilo da wurin sulu inda ake faɗuwa, amma a ja hanya mai tauri daga ƙofa zuwa kowane abin wasa, da zuwa inuwa, da randa, da makewayi. Idan siminti ya yi tsada, iyayenmu mata sun san daɓe da tsakuwa da makubar ɗorawa tun kafin a san buhun siminti, sai dai na waje yana bukatar gyara bayan kowace damina. Kada a sa matakala a ƙofa. Inda tudu ya tilasta, masana gini sun ce kowane taƙi ɗaya na tsayi a ba shi taƙi 12 na gangara, ƙofa kuma kada faɗinta ya gaza ƙafa 3.

Sauran abubuwa masu sauƙi ne. Lilo ɗaya mai majingina da ɗamara domin yaron da ba ya iya riƙe jikinsa. Igiya ko ƙarfen dafawa a gefen hanya domin makaho, da ƙwallo mai ƙararrawa a ciki. Gurbin dara a kan dakali daidai tsayin mai keke. A dasa maina tun kafin a kafa ƙarfe, gama ƙarfen da ya sha ranar bazara ƙuna yake yi, yaron da ƙafarsa ba ta motsi kuwa ba ya iya tsalle ya sauka. Aikin walda kuma in da hali a ba maƙeran guragu, kuɗin ya koma inda ya fi dacewa.

Sai maganar kuɗi da fili. Kada a taɓa zakka, domin an ƙayyade masu cinta kashi takwas, malaman Malikiyya kuma ba su yarda a yi gini da ita ba. Ƙofar da ke buɗe ita ce sadaka da wakafi, kamar yadda Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Mai ba da fili ya yi wakafinsa a rubuce, dagaci da limami su shaida, hakimi ya sani, a ajiye takarda a ƙaramar hukuma. In ba haka ba, ranar da mai kyauta ya kwanta dama magada za su zo da igiyar awo, kuma shari'a ba ta aiki da "ai kowa ya sani". Bayan wannan kowa ya kawo abin da yake da shi. Ƙungiyar ci gaban gari ta tara kuɗi, 'ya'yan gari mazauna Kano da Abuja da Ikko su aiko da nasu, masu amalanke su ɗebo tsakuwa, samari su yi gayya, kwamitin makaranta da iyayen yara su ɗauki tsaro. Ma'aji ya karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, a kuma ware wani kaso tun farko domin gyara, gama lilon da sarƙarsa ta tsinke aka bar shi ya fi rashinsa haɗari.

Hukuma ma tana da nata kason, kuma ba alfarma ba ce. Gwamna Sule Lamido ya fara ba naƙasassun Jigawa Naira 7,000 kowane wata a 2007. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, wadda ta ba da shekara 5 a gyara wuraren jama'a yadda za su iya shiga, wa'adin ya cika a 2024. Ƙungiyar da ta riga ta daɓe filinta da guminta tana da bakin zuwa Gantsa ko Dutse ta nemi famfo da katanga.

Akwai mai cewa garin da ke neman ruwa da magani ina shi ina lilo. Maganarsa tana da nauyi, kada a yi masa dariya. In rijiya ta kafe, rijiya ce gaba. Sai dai ruwa ana iya samar da shi baɗi, fili kuwa in an yanka shi an gina, ya tafi ke nan. Rubuta wakafi ba ya cin kuɗin magani. Saura tsarin lokaci, a ware wa 'yan mata gefensu ko ranarsu, a sa dattijo ɗaya mai haƙuri yana lura, kada a buɗe sa'ad da ake karatun allo, a rufe ƙofa kafin kiran magariba.