Mene Ne Maganin Sauro Mai Kafso?

Duk lokacin da aka yi maganar yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, sai a ji an ambaci kashe tsutsar sauro a cikin ruwa. Ɗaya daga cikin hanyoyin shi ne maganin da ake lulluɓewa cikin kafso ko a dunƙule shi.

Ana rufe sinadarin da ɓawo siriri, wani na sitaci, wani na roba mai narkewa. Idan aka jefa shi a kududdufi ko kwata, ɓawon yana sakin maganin kaɗan-kaɗan, yana kuma kare shi daga hasken rana da ke saurin lalata shi. Akwai dunƙulen sinadarin methoprene da ke aiki har kwana 150. Shi yana hana tsutsa rikiɗa ta zama sauro ne.

Da yake maganin yana daɗewa yana aiki, ma'aikatan lafiya suna samun sauƙin zirga-zirgar feshi, mazauna unguwa kuma cizo ya ragu. Masunta da makiyaya kuwa suna da haƙƙin sanin abin da aka zuba a ruwa, domin wasu sinadaran suna cutar da ƙananan halittun ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar wannan aiki ne inda matattarar sauron ba ta da yawa, kuma an san wurinta. Ko da ana kashe tsutsa, gidan sauro mai magani yana nan da muhimmancinsa.