Labule Mai Rahusa: Yadda Magidanci Zai Rufe Tagoginsa Ba Tare Da Cin Bashi Ba

Duk wanda ya kama sabon gidan haya a Legas, ko Ibadan, ko Abuja, ko kuwa ya tashi aurar da 'ya a Kano, ya san cewa in an gama da kuɗin haya da gado da kujeru, abin da ke biye wajen cin aljihu shi ne labule. Gida mai ɗaki biyu da falo yakan yi tagogi 6 zuwa 8, kowace kuma tana bukatar sutura. Ga iyayen amarya abin ya fi tsanani, domin labule na cikin kayan ɗaki, kuma shi idon 'yan ganin jere ke fara sauka a kai. Wannan ya sa ake samun masu cin bashi, ko su taɓa jarinsu na kasuwa, don kawai a rufe taga.

Amma in aka rarraba kuɗin labule gida-gida, za a ga cewa rufe tagar kanta ba shi ne mai tsada ba. Abin da ke cinye kuɗin shi ne canjin dala, da yawan ado, da ladan ɗaurawa. Dukkan ukun kuwa magidanci na iya rage su da hannunsa.

Inda tsadar ta fito

Galibin yadin labulen da ke shagunan Balogun a Legas, da babbar kasuwar Onitsha, da Wuse a Abuja, da Kantin Kwari a Kano, daga waje ake shigo da shi, musamman daga ƙasar Sin da Turkiyya. Saboda haka farashinsa yana bin dala sau da ƙafa. Kafin watan Yuni 2023 ana canza dala a hukumance a kan kimanin Naira 460. Da aka sakar wa Naira mara, sai ga dala ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 ya ƙara kuɗin dakon kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa cikin ƙasa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba 2024.

Da can akwai mafita a gida. An kafa masaƙar Kaduna Textiles a 1957, a zamanin gwamnatin Jihar Arewa, United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964. A shekarun 1980 ƙasar nan tana da masaƙu fiye da 100, suna fitar da akoko da atamfa da sauran yadi daga audugar gida. Ƙarancin wutar lantarki, da fasa-ƙwauri, da tsufan injuna suka durƙusar da mafi yawansu. Kaduna Textiles ta rufe a 2002. A watan Maris 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi samun dala daga hannun hukuma, da nufin farfaɗo da masaƙu, amma aka ɗage hanin a watan Oktoba 2023. Watau mai sayen labule ya zama ba shi da wata garkuwa sai iya lissafinsa.

Awo shi ne farkon tsimi

Kuɗin labule kashi huɗu ne: yadi, da shafi, da sanda tare da zobbanta, sa'an nan ɗinki da ladan ɗaurawa. Yadi ne ya fi tsoka, kuma a nan ake yawan asara, domin wanda ya shiga kasuwa ba awo a hannu, abin da mai shago ya faɗa shi zai saya. Labulen ƙawa mai yawan tattara yakan ci yadi ninki biyu da rabi ko uku na faɗin taga, ban da shara-sharan da ake sa wa a baya. Alhali ninki ɗaya da rabi ya isa ya rufe taga ruf, ya kuma zauna da kyau.

Alal misali, a ɗauki taga mai ƙafa 4 faɗi, ƙafa 4 tsawo, watau inci 48 kowane ɓangare. A bar sanda ta wuce taga da inci 6 dama da hagu, ta zama inci 60. Ninki ɗaya da rabi na 60 shi ne inci 90, watau falle biyu na yadi mai faɗin inci 45. Wajen tsawo, a ƙara inci 4 a sama da taga, inci 6 a ƙasanta, inci 4 na aljihun da sanda za ta shiga, inci 4 na kalmasa. Kowane falle ya zama inci 66. Falle biyu inci 132 ke nan, kuma tun da yadi ɗaya inci 36 ne, abin bai cika yadi 4 ba. Turmin atamfa mai yadi 6 zai ba da falle uku har da ragowar ƙyalle. Turmi biyu ke nan sun gama da tagogi uku.

Sharaɗi ɗaya ne: a wanke yadin auduga a shanya kafin a sa masa almakashi, domin yana tsukewa a wankin fari. Wanda ya yanka kafin wanki, zai ga labulensa ya ɗage ya bar ƙasan taga a buɗe.

Wane yadi

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. A nan dai maganar tana da gyara. Akoko, yadin da aka daɗe ana raina wa, yana da kauri, yana jure wanki, yana kuma karɓar rini sosai. Wanda ke kusa da marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano ko masu adire na Abeokuta, zai iya kai akoko ko farin alawayyo a rina masa launin da yake so, ya sami labulen da ba wanda zai gani a gidan maƙwabci. Atamfa mai sauƙin kuɗi ma tana yi, haka zanen gado, wanda ya riga ya zo da kalmasa a gefe huɗu, aljihun sanda kaɗai ya rage a ɗinka. A shagunan yadi kuma akan sami ƙarshen bandir da ake sayarwa a rahusa, wanda ya isa taga ɗaya ko biyu.

Abin da bai kamata a yi rowarsa ba shi ne shafi. Rana tana cin launi, tana kuma ruɓar da zare. In aka yi wa labule shafi da farin yadi ta ɓangaren da ke fuskantar waje, shafin ne zai sha rana, kuma canza shi ya fi sayen sabon labule sauƙi. Bugu da ƙari, fari yana mayar da hasken rana, baƙi kuwa yana shanye shi ya zama zafi a cikin ɗaki. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta nuna cewa labule mai matsakaicin launi da aka yi wa farin shafi na roba yana iya rage zafin da ke shigowa ta taga da kashi 33 cikin ɗari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke kan layin Band A, inda aka ɗaga kuɗin wuta daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kowane ma'auni a watan Afrilu 2024, ko wanda ke ƙona fetur a janareta don fanka ta juya.

Sanda da rataya

Sandar ƙarfe mai kawunan ado ita ma kayan waje ce. A madadinta, bututun roba da masu aikin lantarki ke zura waya a ciki yana ɗaukar labule marar nauyi, in tagar ba ta wuce ƙafa 4 ba. In ta fi haka, a ƙara masa madogara a tsakiya don kada ya lanƙwashe. Gora busasshiya da aka goge aka shafa wa mai ta fi ƙarfi, kuma tana da kyan gani. Ga tagar kicin da ta makewayi, waya mai ƙugiya a kai biyu ta wadatar. Labule mai aljihu ba ya bukatar zobe ko ɗaya, ɗinkinsa kuwa miƙaƙƙe ne, wanda duk mai keken ɗinki a gida zai iya gamawa a yini guda. Wanda ba shi da keke, allura da zare sun isa, ko ya kai wa telan unguwa yankakken yadi ya biya ladan kalmasa kaɗai.

Akwai kuma labulen naɗi, wanda ya fi kowane tsimin yadi, domin ba shi da tattara. Taga mai faɗin ƙafa 3 falle ɗaya take ci, ƙasa da yadi 2. Ana kafe samansa a jikin siririn katako, a zura sanda a kalmasar ƙasa don ta ba shi nauyi, a ɗinka maɗauri biyu a sama. Da safe a naɗe shi a ɗaure, da dare a kwance. Ɗan haya zai fi jin daɗinsa, domin ƙusa biyu ke riƙe da shi, ranar tashi kuma ya naɗe abinsa ya tafi.

Asabari bai tsufa ba

Tun kafin zuwan gilashi, Bahaushe yana da asabari, wanda ake saƙawa da tsirkiyar ciyawa a rataya a ƙofar ɗaki, iska ta shiga, ido bai shiga ba. Hikimarsa tana nan. Labulen ciki yana tare rana ne bayan ta riga ta ratsa gilashi, zafinta ya shigo ɗaki. Abin da aka rataya a waje kuwa yana tare ta tun kafin ta taɓa gilashin. Don haka tagar da ke fuskantar yamma, wadda ke shan ranar azahar zuwa la'asar, ta fi bukatar asabari ko tabarmar kaba daga waje, a ƙarƙashin indararo, da ta bukaci labule mai tsada daga ciki. A ɗaura igiya biyu a samansa, a zagayo da su ta ƙarƙashi, in an ja sai ya naɗe kansa. Da hunturu kuma yana rage ƙurar da ke bugun taga.

A kudu, inda damina ke da tsawo kuma iska ke da laima, ciyawa da kaba sukan yi fumfuna. Can ya fi kyau a yi amfani da tsagin gora ko na tukurwa, a riƙa saukewa ana shanyawa.

Raga kafin ado

In kuɗi ba su isa a yi komai da komai ba, raga ce ta farko. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. A 2021 hukumar ta sa toshe tagogi da ƙofofi da raga cikin matakan da take ba da shawara a kansu, ƙari a kan gidan sauro mai magani. Aikin ba wuya: a auna taga, a haɗa katako huɗu, a ja raga ta miƙe, a danne gefenta da siririn katako da ƙananan ƙusoshi, a toshe duk wata kafa. Kuɗin jinyar yaro sau ɗaya na iya fin na ragar ɗakin da yake kwana. Rigakafi ya fi magani.

Sai kuma hattara ta fuska biyu. Yadin roba yana narkewa ya ɗiga in ya kama wuta, saboda haka a nesanta kyandir, da fitila, da maganin sauro na kunnawa, da kaskon turare daga labule, kada kuma a sa mai tsawo kusa da murhu. Na biyu, igiyar labule mai lilo tana iya shaƙe ƙaramin yaro. A naɗe ta a ƙusa can sama inda hannunsa ba ya kai.

Ƙofar sana'a

Ga 'yan kasuwa, a nan ne maganar ta fi daɗi. Ba kowane magidanci ne ke da lokacin awo da yanka ba, amma kowa yana neman sauƙi. Tsakanin shagon ƙawa mai tsada da wanda ya rataya tsohon zane a taga akwai jama'a masu yawa da ba a kula da su ba: sababbin 'yan haya, da ɗalibai, da ƙananan masaukai, da ɗakunan shan magani, da makarantun unguwa. Jarin shiga bai wuce keken ɗinki, da tef, da almakashi, da bandir ɗaya ko biyu ba, abin da kwasar adashi guda ke iya samarwa. Mata a cikin gida suna iya yi ba tare da kuɗin shago ba.

Wanda zai shiga ya kiyaye abu huɗu. Ya je da kansa ya auna, ya rubuta awon a gaban mai gida. Ya raba kuɗin yadi da ladan ɗinki, domin in farashi ya motsa kafin ya kai kasuwa kada asarar ta faɗa kansa. Ya karɓi kafin alƙalami da zai sayi yadin tun ranar ciniki. Ya kuma san lokutan kasuwarsa: gabanin azumi da ake yawan bukukuwan aure, da jajiberin Sallah, da ƙarshen shekara a garuruwan kudu. Wanda ya sari akoko a Kantin Kwari, ya haɗa kai da marini da mai saƙar asabari, zai iya yanka farashin da mai kayan waje ba zai iya saukowa gare shi ba, domin mafi yawan kuɗinsa ladan hannu ne, ba dala ba.

A taƙaice, aikin taga huɗu ne: ta ba da haske, ta ba da iska, ta tare sauro da ƙura, ta rufa asirin gida. Duk suturar da ta biya waɗannan bukatu ta gama aikinta, ko da akoko ce ko asabari. Naira da aka kashe wa marini da tela da masaƙi kuwa a unguwa take kwana, gobe ta dawo shagon wani. Daidai ruwa, daidai tsaki.