Giwan ruwa da karfasa: yadda ake daidaita kifi cikin tabki

Kowane makiyayi ya san idan dabbobi suka fi ƙarfin makiyaya, sai su rame. Haka abin yake cikin ruwa. Tabki ma makiyaya ce, yana da iyakar bakin da yake iya ciyarwa.

A ƙasar Nijar akwai tabkuna masu kifi, kamar na Madarunfa a jihar Maradi, na Tabalak a jihar Tawa, da na Gidimuni a jihar Damagaram. Ma'aikatan ruwa da gandun daji suna zuba ɗiyan kifi cikin tabkunan ƙauyuka. Waɗansu masu garka kuma suna gina nasu rami a bakin fadama. Amma sau da yawa, bayan ƴan shekaru, sai murna ta koma ciki. Taru ya fito cike da kifi, amma babu wanda ya kai tafin hannu. Irin wannan kifi ba ya da daraja a kasuwa. Mafarin abin shi ne rashin daidaito tsakanin kifi mai cin kifi da kifin da ake ci.

Halin kowane kifi

Karfasa, wadda waɗansu ke kira gargaza, tana cin koren abin da ke cikin ruwa, da dusa, da ganye. Tana da saurin haihuwa. Tun tana wata 6 tana iya fara ƙwai. Macen tana riƙe ƙwai ɗaruruwa cikin bakinta har su ƙyanƙyashe, kuma tana maimaitawa sau da yawa a shekara idan ruwa na da ɗumi. In babu mai rage ɗiyan, sai su cika tabki. Abinci ya kasa, kowa ya tsumbure.

Giwan ruwa kuwa kifi yake ci. Cikin manyan ruwaye yana wuce kilo 100. In ya rasa abinci, har ɗiyansa yake ci. Yana son ruwa mai zurfi da tsabta. Tarwaɗa tana cin komi, har da ƙananan kifi. Ita tana shaƙar iska a sama, shi ya sa take jure ruwan laka.

Abin da aka gano a waɗansu ƙasashe

A ƙasar Amurka manoma suna kiwon wani kifi mai cin kifi, sunansa bas, cikin tabkunan gonakinsu. Wani masanin kifi mai suna Homer Swingle ya yi shekaru yana gwaji a garin Auburn, cikin jihar Alabama. A shekara ta 1950 ya bayyana abin da ya gano. Tabki ya fi lafiya idan kowane kilo 1 na mai cin kifi yana da kilo 3 zuwa 6 na kifin da ake ci. Kifinsu dabam, namu dabam, amma wannan ma'auni yana nuna hanya: dole abinci ya fi mai ci yawa nesa ba kusa ba.

Akwai kuma darasi daga tabkin Biktoriya, wanda Uganda, Kenya da Tanzaniya suka kewaye. An zuba giwan ruwa a ciki a shekarun 1950. A shekarun 1980 ya yawaita ƙwarai, har irin ƙananan kifi wajen 200 suka ɓace. Saboda haka kada kowa ya kai sabon irin kifi cikin tabki ba tare da shawarar ma'aikata ba.

Yadda ake gane halin tabki

Sau ɗaya a wata, mai tabki ya jefa birgi a wuri 3 ko 4. Ya ware kifin iri-iri, ya ƙidaya, ya auna. Wanda ya yi karatu a cibiyar yaƙi da jahilci ya rubuta cikin littafi: rana, irin kifi, yawa da nauyi. Littafin nan shi zai nuna inda aka dosa.

In karfasa ta yi yawa, duka ƙanana masu manyan idanu, to mai cin kifi ya kasa. A tsame ƙananan da yawa, a shanya su ko a ba mai sabon rami. A dakatar da kamun giwan ruwa da tarwaɗa na ɗan lokaci.

In giwan ruwa ko tarwaɗa suka fito da babban kai da siririn jiki, kuma ba a ganin ɗiyan karfasa a bakin ruwa, to masu ci sun fi abinci. A rage su da ƙugiya. A sa rassan itace da ƙaya a gefe, domin ɗiyan kifi su sami maɓoya.

In ana samun manya, matsakaita da ƙanana na kowane iri, tabki yana lafiya.

Ga mai ƙaramin rami

Ramin da ke da tsawon metir 20 da faɗin metir 10 yana ɗaukar ɗiyan karfasa kamar 400. Giwan ruwa bai dace da irin wannan rami ba, tarwaɗa ta fi. Amma sai karfasa ta girma ta fara haihuwa, sa'an nan a sa tarwaɗa kaɗan, ƙanana. In aka sa manya tun farko, sai su cinye jarin.

Taki shi ke sa ruwa ya yi kore, koren nan shi ne ciyawar karfasa. Mutum ya tsoma hannu har gwiwar hannu. In yana ganin tafinsa sarai, ruwa na son kashin shanu ko na kaji kaɗan. In tafin ya ɓace tun kafin a kai gwiwa, taki ya yi yawa. In da asuba kifi suka taso suna buɗe baki a sama, iska ta kasa musu cikin ruwa. A daina zuba taki, a ƙara sabon ruwa. Ruwa ba ya tsami banza.

Da bazara ruwa yana janyewa, wuri ya matse. Gara a rage kifi tun zafi bai tsananta ba, a sayar ko a yi banda, da a wayi gari a iske su sun mutu.

Tabkin gari na kowa ne

A tabkin gari, mutum ɗaya ba ya yanke shawara. Sarkin ruwa, ƙungiyar masunta da ma'aikata su zauna, su tsai da lokacin buɗe su da na rufewa, da girman idon taru. Dokar ƙasa ta hana su da guba. Su da gidan sauro yana kwashe ɗiya, ya bar tabki ba magaji. Kada a wanke famfon feshin maganin ƙwari a ruwan da kifi ke ciki da dabbobi ke sha.

Wanda ya cinye iri ba ya ganin kaka. Garin da ya kiyaye tabkinsa zai ci kifi bana, ya sayar baɗi, ya bar wa ɗiyansa abin kamawa.