Gyaran Jirgin Ruwa

Jama'a masu saurare, musamman masuntan Tunuga da Dole, lokacin gyaran jirgi shi ne bazara, in kogin Isa ya janye.

Jawo jirginka tudu, ka kife shi a inuwa, don rana tana tsaga katako. Kankare gansakuka, ka bi katakon da bakin wuƙa. Inda wuƙa ta nutse, wurin ya ruɓe. Cire shi ka sa sabo, na maɗaci in da hali. Ƙaramar ɓaraka kuwa, cusa mata tsumma, ka shafe da kwalta mai zafi. Amma bari katako ya bushe tukuna, kwalta ba ta kama jiƙaƙƙe.

Kafin ka ɗauki mutane zuwa Gaya, sa shi cikin ruwa ya kwana, ka duba da safe.