Son Jarumi Ba Hauka Ba Ne: Wa Ke Tsawatarwa A Majalisar 'Yan Kallo?

DUK wanda ya san Mando ya san unguwa ce da ba ta barci da wuri. Ga tashar mota, ga shataletalen da ke raba hanya, ga sansanin sojan sama, ga kuma sansanin alhazai. Da an idar da sallar Isha'i sai teburan masu shayi su cika da samari: direba, kwandasta, ɗalibi, mai gyaran waya. In ba ƙwallo ake musu a kai ba, to fim ne.

Musun fim ba sabon abu ba ne. Tun zamanin kaset, lokacin da Sangaya da Wasila suke tashe a wajajen 2000, 'yan kallo suka rabu gida-gida, kowa da gwaninsa. A yau kaset ya zama tarihi, a waya ake kallon su Labarina da Izzar So, amma gardamar tana nan daram. Tambayar ita ce: ina iyakar gardama, kuma wa ke cewa "ya isa"?

Majalisa mai tsari tana da dokokinta, ko da ba a rubuce suke ba. Ta farko, a soki aiki, kada a soki mutum. Kana iya cewa labarin fim bai yi ma'ana ba, ko darakta ya yi wankin fim ɗin Indiya, ko jarumi bai iya kuka ba. Wannan sharhi ne, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma da an ambaci uwar wani, to an bar sharhi an koma ashar.

Su kansu 'yan fim sun ɗanɗana kuɗar wannan. A watan Afrilun 2019 saɓani ya ɓarke tsakanin Ali Nuhu da Adam A. Zango, inda Zango ya yi zargin cewa yaran Ali suna zagin mahaifiyarsa. Maganar ta yi tsami har Ali ya shigar da ƙara kotu a Kano, kafin manyan industiri su shiga tsakani a sasanta. Abin lura shi ne, jaruman sun shirya, amma masoya da yawa da suka ɓata da abokansu saboda su ba su samu mai sasanta su ba.

Doka ta biyu, ba a yaɗa abin da ba a tabbatar ba, musamman a kan 'yan mata. Waɗanda suka yi wayo a 2007 ba za su manta da abin da ya biyo bayan badaƙalar Hiyana ba. An yi wa 'yan fim kuɗin goro, an dakatar da shirya fim a Kano na tsawon watanni, Hukumar Tace Finafinai a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo ta tsaurara dokoki, har wasu suka kwaso kayan aikinsu suka dawo Kaduna. A lokacin, duk 'yar fim ta zama abin nuni da baki, har wadda ba ta san hawa ba balle sauka. Jita-jitar da aka fara a teburin shayi tana iya hana yarinya miji.

Doka ta uku ita ce mafi nauyi a gari irin Kaduna: ba a jawo addini ko ƙabila cikin musun fim. A Mando, inda bariki da tasha suka tara jama'a iri-iri, benci ɗaya yana iya ɗaukar Musulmi da Kirista. Mutanen garin nan sun san farashin magana. A Nuwamban 2002, rubutu guda a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya tayar da rikicin da ya ci rayuka sama da 200. Baki shi ke yanka wuya.

To wa ke tsare waɗannan dokoki? Galibi mai wurin ne, wato mai shayi ko mai gidan kallo, ko kuma wanda ya fi kowa shekaru. Ba shi da sanda, sai kwarjini. Matakan ma sanannu ne: da farko harara, sai "kai malam, a yi a hankali", sai a ja mutum gefe a yi masa nasiha. In ya ƙi ji, a ce ya tashi. Mai wuri yana da dalilinsa, don ranar da aka ba hammata iska a gaban teburinsa, kofunansa ne za su fashe, kuma shi 'yan sanda za su fara nema.

Sai dai alƙalanci na da nasa tarkon. In mai tsawatarwa ɗan gidan wani jarumi ne, ya riƙa kawar da kai in nasa suka yi zagi, to majalisa ta watse. Ko a sama haka abin yake. Da ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau, 'yar Kaduna, a Oktoban 2016 saboda bidiyon waƙar da ta fito tare da ClassiQ, wasu sun yaba, wasu kuma sun tambaya ko da namiji ne za a yi masa haka. Daga baya ta nemi afuwa. Darasi biyu ke nan ga kowane mai majalisa: a auna kowa da mudu ɗaya, kuma a bar ƙofar tuba a buɗe.

Ba wanda ya ce a daina musu. Majalisar da kowa ke cewa "haka ne" barci take sa mutum. Amma mai karatu ya tuna, jarumin da kake zagin abokinka saboda shi bai san sunanka ba. Ranar da ka kwanta asibiti, wancan abokin ne zai kawo maka ruwan zafi a filas. Allah ya sa mu gane.