Ƙungiyar Mazauna Unguwa da Tsaron Dare a Gefen Birnin Yamai

Gabatarwa

Birnin Yamai yana faɗaɗa da sauri. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa mazaunansa sun zarce miliyan 1, kuma tun daga lokacin sababbin gidaje ba su daina tashi ba a gefen gari. An raba birnin gundumomi 5, amma sau da yawa mutane kan riga hukuma isa sabuwar unguwa: a gina gidaje, a tare, kafin wuta da famfo da ofishin ƴan sanda su zo. A irin wannan wuri, maƙwabta ne suke fara neman wa kansu mafita. Wannan takarda za ta bayyana yadda suke haɗa kai, da yadda suke tsaron dare, da inda ikonsu ya tsaya.

Yadda ake kafa ƙungiya

Yawanci wani abu ne yake faruwa kafin a kira taro. Ko dai an haura katanga an ɗauke babur, ko an kwance ragon layya, ko kuwa ruwan sama ya shiga gidaje. Sai magidanta su taru a ƙofar gidan mai unguwa ko a harabar masallaci bayan sallar isha'i. A nan ake zaɓen shugaba da magatakarda da ma'aji. Magatakarda yana rubuta sunayen gidaje da abin da aka yanke, ma'aji kuma yana riƙe kuɗi.

Mai unguwa yana da muhimmanci, domin shi ne tsani tsakanin talakawa da hukumar birni. Amma ƙungiyar da take son hukuma ta san da zamanta sai ta bi hanyar doka. Dokar ƙungiyoyi ta ranar 1 ga watan Maris 1984 ta shar'anta a kai takardun ƙungiya gaban hukuma a sami izini. Da yawa daga ƙungiyoyin unguwa ba su kai wannan mataki ba, suna tafiya ne bisa yarda da sanin juna kawai.

Aikin gayya ba baƙon abu ba ne a Nijar. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun yi ayyuka irin su sharar gari da ginin azuzuwa. Bambancin shi ne, samariya gwamnati ce ta tsara ta, ƙungiyar mazauna kuwa daga su mazaunan take fitowa.

Masu tsaron dare

Iri uku ne ake yawan gani. Na farko shi ne mai gadi, wanda gida ɗaya ko kanti ɗaya yake ɗauka. Yana kwana a bakin ƙofa, kuma ko da yake mutum ɗaya ne yake biyansa, idonsa yana kan layin duka.

Na biyu su ne ƴan banga, waɗanda a Nijeriya aka fi kira ƴan sintiri. Su unguwa ce take biyansu. Suna zagayawa da tocila da sanda da usur, daga tsakar dare zuwa kiran assalatu. Kalmomin nan uku, wato gadi da banga da sintiri, duk aro ne daga Turanci.

Na uku ita ce fada. A asali, fada tana nufin gidan sarki da masu zama a gabansa. Tun shekarun 1990 kalmar ta sami sabuwar ma'ana a Nijar: majalisar samari da suke zama a bakin titi suna dafa shayi suna hira har dare ya raba. Ba wanda yake biyan ƴan fada, amma sun san ɗan unguwa sun san baƙo, kuma ɓarawo ba ya son layin da ake zaune a cikinsa.

Maganar kuɗi

Karo-karo shi ne ran ƙungiya. A Nijar ana lissafi da dala, wato sefa 5, da jika, wato sefa 1000. A ɗauka a misali layi yana da gidaje 60, kowane gida yana ba da jika 1 a wata. An sami jika 60 ke nan, wadda za a raba wa masu sintiri 3, kowa jika 20. To, idan gidaje 20 suka ƙi biya, saura jika 40. Dole a rage albashi ko a sallami mutum 1. Daga nan sintiri ya yi rauni, waɗanda suke biya su ga ba amfani, su ma su janye. Ta haka ƙungiyoyi da dama suke mutuwa.

Akwai kuma gardama a kan wanda ya kamata ya biya. Ɗan haya yana cewa gidan ba nasa ba ne. Mai gidan yana cewa ba a nan yake kwana ba. Gwauruwa mai marayu ba ta da hali. Ƙungiyar da take ɗorewa ita ce wadda take yafe wa marasa ƙarfi, ma'ajinta kuma yana karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata.

Sauran lamuran unguwa

Tsaro bai tsaya ga ɓarayi ba. A damina, leda da shara suna toshe magudanan ruwa, duk da dokar 2014 da ta hana shigo da ledar da ba ta ruɓewa. A watan Satumba na 2020 kogin Kwara ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, unguwannin bakin kogi irin su Lamorde da Kirkisoye da Saga suka sha ruwa. Saboda haka yashe lambatu, da cike kwazazzabo, da neman fitilun titi, duk suna cikin aikin ƙungiya. Mata suna da babban rabo a nan, domin su ne suke wuni a unguwa, kuma adashinsu yakan taimaka idan bukata ta taso.

Iyakar iko

Ɗan banga ba alƙali ba ne. Idan an kama wanda ake zargi, abin da ya dace shi ne a kira ƴan sanda a lamba 17 ko a kai shi komisariya. Haɗarin shi ne, da an yi ihun "ɓarawo", jama'a sukan far wa mutum da duka kafin a tambaye shi, kuma wani lokaci baƙo ne da ya ɓata hanya. Abin da ya faru a jihar Zamfara ta Nijeriya darasi ne: a can, kisan da wasu ƴan sa-kai suka riƙa yi ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka rura wutar ramuwar gayya.

Kammalawa

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar mazauna tana cike giɓin da hukuma ta bari, amma ba ta maye gurbin hukuma. Ƙarfinta yana ga abu uku: kowa ya biya gwargwadon hali, a riƙe kuɗi da amana, a kuma bar hukunci ga kotu.