Fergus Suter: Ya Ajiye Guduma Ya Kama Ƙwallo

Kullum muna jin miliyoyin da ake biyan 'yan ƙwallon Ingila. Ko mun san akwai lokacin da karɓar ko sisi don buga ƙwallo abin kunya ne a can?

An haifi Fergus Suter a Gilasgo, ƙasar Sikotlan, a 1857. Sana'arsa sassaƙar dutse. A 1878 ya koma Darwen, wani garin masaƙu a Ingila, yana buga wa kulob ɗinsu baya. Ba da jimawa ba ya ajiye guduma, amma bai rasa na tuwo ba. Nan aka fara raɗe-raɗin ana biyansa a ɓoye.

Me ya kawo ɓoyon? Shugabannin ƙwallo 'ya'yan masu hali ne, nishaɗi suka ɗauke ta. Shi kuwa lebura, in ya bar aiki ya tafi fili, ladan ranar ya tafi.

A 1880 Suter ya koma Blackburn Rovers, suka ci kofin FA sau uku a jere: 1884, 1885 da 1886. A 1885 hukumar ƙwallo ta halatta biyan 'yan wasa. Da aka fara gasar lig a 1888, shekaru sun ja. Wasa ɗaya kacal ya buga a cikinta, shi ma a matsayin gola.

Shi ya yi sharar gona, na baya suka girbe.